Rumfar Dukawa a Azumin Bazara

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Tun hantsi garin Tawa yake yin tsit, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Ina zaune da jiƙaƙƙen zane a kaina, ina kallon ɗiyata Ramatu tana haɗa kayan zuwa baje-kolin masu sana'ar hannu, wanda mu nan muke ce wa fuwar. Rumfarta ta ƙarfe ce, naɗe ta ake yi kamar laima. Ta ɗora tamfol, ta ɗora tabur, ta cika kula da ƙanƙarar shan ruwa, ta kira mai adaidaita a waya. Da ta buɗe gwangwanin man goge fata na ce ta miƙo mini, na shinshina. Warin kananzir kawai yake yi. Mu da man shanu muke goge fata, kuma shi ya mayar da ni wani azumin bazara, shekara talatin da ƴan kai da suka wuce, ina amarya a Kalfu.

Gidan dukawa aka kai ni, kuma ni na zaɓa. Mijina Illa dogo ne siriri, hannuwansa kullum jajaye da rinin karan dafi, jikinsa yana warin bagaruwar jima ko ya fito daga wanka. Ni na yi lakwal kaɗan, wato makarantar boko, na iya karatu, kuma na haukace da ƴan littattafan soyayyar da fatake ke kawowa daga Kano. A cikinsu saurayi da mota yake zuwa, yana ƙamshin turare, yana magana mai narkar da zuciya. Illa ko keke ba shi da shi. Amma in ya sunkuya kan matashi yana ɗinki, ya ɗago ido ya dube ni, sai in ga marubutan nan ba su san komai ba. Ina karanta masa yana aiki, shi kuma yana ce mini Malama don tsokana.

"Malama, wanga saurayin littahi naki, yaushe shika aiki? Tun shahin farko kuka shikai."

"So ne na gaskiya, kai ba ka gane ba."

"To, Allah shi ba shi gero."

Daminar da ta gabata ta yaudare mu. Ruwa ya zo, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta bushe. Da la'asar hadari ya haɗu daga gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu fito da tukwane, iska ta zo ta watsa shi. Abin da muka girba bai fitar da mu sanyi ba. Kafin a ga watan azumi mun koma ga anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Da ita muke shan ruwa, da ɗan kunun dusa. Da asuba garin rogo ne a jiƙa, ranar da aka samu. Ruwan rijiya ya gudu ƙasa har aka riƙa ƙara wa guga igiya, kuma a bakin rijiyar ne shanu ke durƙusawa su kasa tashi.

Yawancin samarin garin sun watse bida, wato neman kuɗi a ƙasashen waje. A ƙasarmu ta Adar wannan ba sabon abu ba ne, da wuya ka sami gidan da ba shi da mutum a Abijan. Illa ne kaɗai bai taɓa tafiya ba, sana'ar hannunsa ta riƙe shi. Wata rana bayan sallar la'asar mahaifinsa, da muke ce wa Baba, ya kira shi zaure. Ina bayan zana ina tankaɗe, na ji komai.

"Illa, hwata ta yi arha, hatsi ya yi tsada. Mu yi kaya mu cika buhuna. An ce za a yi fuwar a Tawa kahin Salla, ma'aikata da Nasaran furoje masu aikin agaji za su zo. In kaya sunka hita, mu sayi iri da cimakar noma, ka zamna ka yi damana. In ba su hita ba, motar Abijan tana nan bayan Salla. Ban iya kallon gidan ga shi mutu."

"To, Baba."

Ina da ƙaramin ciki a lokacin, cikin Ramatu. Illa kaɗai ya sani. Kunya ta hana in faɗa wa surukaina, shi ya sa nake azumi tare da kowa. A lissafina wajen kaka zan haihu. Daga wannan rana ban da wani buri a duniya sai kayan nan su fita, Illa ya zauna, ya ga abin da zan haifa.

Muka duƙufa. Da an yi sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, ni da uwar mijina mu shiga rini: ja da karan dafi, baƙi da ruwan ƙarfe, tsanwa kuma Baba ne ke haɗa ta da kansa ba ya bari a gani. Baba ya yanka, Illa ya ɗinka, mu mu kitsa geza. In rana ta take sai zauren ya zama tanda. Zare ya riƙa kuɓucewa don gumi, harshe ya manne a ganɗa, ba mai magana, sai ƙarar basilla tana huda fata. Matasai muka yi, da jakunkunan mata, da zabira, da kuben wuƙa, da takalma. Baba gwiwoyinsa sun gaza, ya daina bin kasuwa. A shekarar ƙoshi ba za a bar amarya ta bi miji cin kasuwa ba, amma a wannan shekara ba wanda ya ɗaga kai.

Mun fara gwadawa a kasuwar Barmu, sannan ta Takanamat. Ba mu sayar da abin kirki ba. Makiyaya ne masu sayen kayanmu, kuma su ne muka tarar sun shimfiɗa nasu tsofaffin matasai a ƙasa suna neman musanya da tiyar gero. A Barmu wata Buzuwa ta miƙo wa Illa matashi ta ce ya saya. Ya juya shi, ya gane ɗinkin Baba ne. Ya mayar mata.

Fata a bazara tana bushewa ta yi fari-fari, ta tsage in an lanƙwasa. Dole a shafa mata mai kafin a nuna wa mai saye. Baba ya sha faɗa mana: sai an kafa rumfa, an rataye kaya, sannan a shafa mai, da safiyar kasuwa. Bai taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. A Takanamat Illa ya yi yadda aka koya masa, da ɗan guntun man da ya rage a gida. Man ya narke a tafinsa, ƙamshin ya cika rumfar, shi kuwa rabonsa da abin maiƙo tun kafin azumi. Na ga ya dafa gwafa, ya sulale ƙasa. Sai da aka yayyafa masa ruwa ya dawo.

Ana saura kwanaki kaɗan fuwar, Innata ta aiko mini da ɗan tandu cike da man shanu. Ban san inda ta samo ba, kuma ban san yadda aka yi ta gane halin da nake ciki ba. Saƙon da ya biyo shi ne in riƙa lasa da shan ruwa, kada in ba kowa. Na kai wa Illa.

"Wanga naki ne, Habsu. Inna ba don hwata ta aiko ba."

"Kayan ba su da mai. Ka fi so a ce mun kawo busassun ganye?"

"Ki bari in nemi na gyaɗa."

"Da mi za ka nema?"

Ya karɓa.

Ɗaurin kaya ma aiki ne mai tsari. Matasai ba a cusa musu komai a gida, a shimfiɗe ake ɗaukar su, fuska da fuska, a sa tsumma tsakanin ja da tsanwa don kada zafi ya sa rini ya kama juna. Audugar rimin da za a cusa daban take a buhu. Takalma a ɗaure su ƙafa-ƙafa ta maɗauri. Ƙananan kaya a cikin jakunkuna, jakunkuna a cikin buhu. Sannan kayan rumfa: gwafanni, sandunan gicciye, zana ta rufi, tabarmi, igiyoyi, da ƙarfen haƙa. Itacen yana ƙasan amalanke, fata a sama, tabarma ta rufe. Jakin da ke jan ta ma azumi yake yi irin namu. A hawan tudu sai mu sauka mu tura. Duwatsun hanya baƙaƙe suna ƙuna har ta cikin takalmi, ba inuwa sai ta ƙaya. Na riƙa kallon bayan Illa yana jan jaki, rigarsa ta manne da gumi, ina ce wa raina mu ne masoyan da ba a rubuta labarinsu ba.

Jajiberin fuwar muka shiga Tawa, muka sauka gidan Kawu Mamman, ƙanen uwar Illa. Matarsa ta dama mana kunun gero na gaske, na sha har idona ya kawo ruwa. Bayan magariba Illa ya kwance buhuna a tsakar gida.

"Yanzu zan shahwa man," ya ce. "Cikina da ɗan abu. In na bari sai gobe da rana, hwaɗuwa zan yi gaban mutane kamar Takanamat."

Ya buɗe tandun. Kafin ya taɓa fata ko ɗaya, ya ɗebo da yatsa ya miƙo bakina.

"Lasa. Ba don ke ba, don baƙon da ke tahe."

Na lasa. Har yau ban ci abin da ya kai wannan daɗi ba.

Muka zauna muna shafawa da tsumma a sauran hasken yamma. Fatar da ta yi fari-fari ta riƙa farkawa a hannunmu. Ja ya koma kamar garwashi, tsanwa ta yi kamar gona bayan ruwan farko. Na ga iri a buhu, na ga Illa da hauya, na ga ragon suna a ɗaure a ƙofar gida. Muka kwashe man tas, har muka goge cikin tandun da tsumma.

Kawu Mamman ya zo ya tsaya kanmu yana yaba aiki.

"Ku sa su ɗakin hatsi, yana da ƙyaure. Wohi ne tun sanyi. Kusu ma ya yi ƙaura, mi zai ci?"

Muka yi dariya. Muka jera kayan a kan tabarma a ƙasa, a buɗe, don su sha mai. Aka ja ƙyaure.

Da gari ya waye muka buɗe. Abin da na fara gani gezar matashi ce a bakin ƙofa, a yanke. Ɓerayen ba su yi ƙaura ba, yunwa ce ta ɓoye su, kuma mu muka kai musu abinci. Inda man ya fi zama nan suka fi ci: bakin ɗinki, maɗaurin takalma, fuskar matasai inda Baba ya dasa tsanwa. Wasu sun huda su kamar rariya. Kashinsu ya warwatsu ko'ina a kan jar fata. Kawu yana ta salati yana cewa shi ya jawo mana. Illa ya durƙusa, ya ɗauki matashi mafi kyau, ya zura yatsa ta hudar.

"Baba ya sha hwaɗi," ya ce a hankali. "Ni na ɗauka don ƙyalli ne kawai."

Ban yi kuka ba. Babu ruwan da zan yi kukan da shi.

Duk da haka muka tafi filin fuwar, don babu inda za mu koma. An ja layi da farar ƙasa, kowa da gurbinsa. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Illa ya riƙa saran rami da ƙarfe, ni ina kwashe ƙasa da hannu, ina zuba ɗan ruwa don ta yi laushi, ruwan da nake kallo yana ɓacewa a rami maƙogwarona yana ƙuna. Muka kafa gwafanni, muka danne gindinsu da duwatsu. Aka gitta sanduna, aka ɗora zana, aka ɗaure ta gam saboda guguwa. Muka juya wa rana baya don kada ta ci rini. Tabarma a ƙasa, igiya daga gwafa zuwa gwafa. Na cusa wa matasan da suka rage da sauran rai auduga, na rataye su, ɓangaren da aka ci yana kallon ciki. Takalman da ƙafa ɗaya ta tsira ɗaya ta lalace muka tura ƙarƙashin tabarma.

Maƙwabciyar rumfarmu wata maƙeriya ce mai aikin fata daga wajen Takanamat, Gaisha, tsohuwa mai baƙin lulluɓi da bakin tsiya. Ta leƙo, ta ɗaga matashi ɗaya, ta gane nan take.

"Kai, Adarawa! Kun ciyar da kusu man shanu cikin azumi, ku kuna cin anza? Lada dai kun samu."

Illa ya yi murmushin dole. Ta koma rumfarta ta dawo da guntayen fata da basillarta, ta zauna bakin tabarmarmu ba wanda ya roƙe ta.

"Miƙo, ɗana. Kai ka kama ja, ni in kama baƙi. Ke amarya, zauna inuwa, na ga idonki."

Suka wuni suna faci. Wani wurin Gaisha ta yanka fata kamar tauraro ta rufe huda, har ya fi da kyau. Amma hudar ta fi hannu huɗu yawa, kuma babu sauran tsanwa.

Mutane sun zo. An yi kiɗa, manya sun zaga da rakiyar ƴan sanda, ƙura ta tashi ta sauka kan kaya. Ma'aikata suna tafe suna taɓawa suna wucewa, su ma albashi bai zo ba. Wani Nasara ya ɗauke mu hoto, ya sayi kube ɗaya. Wata hajiya mai ƙamshi, irin matan littattafaina, ta tsaya gaban babban matashin, ta ce irinsa take nema ta kai ɗakin ɗiyarta, har guda shida in akwai. Na riƙa roƙon Allah kada ta juya shi.

"Hajiya, juya ki gani," in ji Illa. "An yi mishi gyara ta baya."

Ta juya, ta shafa facin, ta mayar kan igiya.

"Ayya. Na ɗakin amarya ne, sabo nake so."

Da ta wuce na dube shi. Ya ce, "Gida za ta kai ta gani, Habsu. Sunan Baba ne." A littafi da nan ne yarinya za ta ƙara son saurayinta. Ni dai na juya masa baya har aka sha ruwa.

Haka kwanakin fuwar suka wuce. Da safe mu rataya, da yamma mu sauke, mu kwana da buhuna a rataye a reshen bedi, wato darbejiya, saboda ɓeraye. Ƙananan kaya sun ɗan fita, zabira da kube da ƴan takalman yara. Abin da muka samu ya isa hatsin Salla da ɗan abin da zai biyo baya. Bai kai iri ba, balle cimakar damina. Ba wanda ya faɗi haka da baki. Ni kuma na riƙe wani fata a raina: Baba zai ji tausayi, ko sama ta yi ruwa da wuri, ko Illa ya ce ba ya tafiya ya bar ni a haka.

Ranar tashi, da la'asar, muka sauke kaya muka ɗaure. Muka kwance zana, muka tumɓuke gwafanni. Ina jiran ya ɗora su a amalanke sai na ga ya nufi rumfar Gaisha ya dawo da gatari.

"Malama, zo ki tsaya nan."

Na zo. Ya tsayar da gwafa ɗaya a gefena.

"Ɗaga hannunki. Kada ki yi ɗage, yadda kike."

Na ɗaga. Ya auna daga kan yatsuna zuwa bakin gwafar da tafin hannunsa, ya kwantar da ita, ya auna daidai wannan daga gindi, ya ɗaga gatari.

"Mi kakai haka? Itacen Baba ne!"

"Sun yi miki tsawo. Ba ki iya aza zana ke kaɗai."

"Wa ya ce ni kaɗai zan..."

Ban ƙarasa ba. Gatarin ya sauka. Ya sare ta farko, ya jawo ta biyu ya gwada da ita, ya sare. Bai dube ni ba har ya gama da dukkansu. Gaisha tana naɗe tabarminta, ta tsaya, ta ja lulluɓi ta rufe bakinta.

"Ɗaure su in gani," ya ce. "Igiya ta bi ta ƙasa sau biyu. A'a, ba haka ba. Sake."

Na sake. Ya tsaya yana kallo bai taimaka ba, har ɗaurin ya yi.

Bayan Salla ya hau motar Abijan tare da sauran samarin da suka rage. Bai ga damina ba, bai ga suna ba. Sai da Ramatu ta iya ɗaukar tulu ta san fuskar ubanta.

Kasuwar farko da na ci ba shi, Barmu ce, cikina ya fito, da kayan da Baba ya ɗinka. Na haƙa ramuka, na kafa gwafanni, na gitta sanduna. Na ɗauki zana na ɗaga. Duk hanya ina fata ta gagare ni, in sami abin da zan aika masa in ce ka gani, ban iya ba, ka dawo. Zanar ta hau ta zauna daram, ko ɗage ban yi ba. Ya auna daidai. A nan ne, ƙarƙashin inuwar da na yi da hannuna, kukan ya zo.